A Bar Yaro Ya San Inda Zai Kwana Gobe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana maza, musamman waɗanda aure ya mutu tsakaninsu da matansu alhali akwai rabo a tsakani. Ni ba malami ba ne, ba kuma ɗan boko ba. Tela ne ni a Fagge, a kan keke na yi gemu har ya yi furfura, ɗan abin da na sani na addini kuwa a zaure na tsince shi tsakanin magariba da lisha. Amma sana'ar nan tamu tana nuna wa mutum cikin gidajen jama'a ba tare da ya taka ƙofarsu ba, kuma abin da take nuna mini game da yara maza ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kowane tela yana da littafin awo. Da azumi ya kai goma, shago ya cika, za ka ga magidanci ya shigo da ledar shadda daga Kantin Kwari, yaronsa na biye da shi. Yana tsaye zan ɗora wa yaron tef a kafaɗa, shi kuma yana ta ba ni umarni: ka ƙara masa tsawo, yaron nan kamar ana jan sa da dare, ka bar kalmasa da faɗi a ƙafar wando, in Babbar Salla ta zo a kwance. Ya san ɗansa ba ya son wuya mai matsewa, ya san aljihu biyu yake so. Wannan ba ya ba ni wahala sai dai wajen ciniki. Akwai kuma wanda zai bugo waya ya ce zai aiko da yadi, a yi wa yaronsa kaftani. In ce ina yaron, a kawo shi awo. Sai ya ce ai yana wajen kakarsa, ka dai yanka daidai ɗan shekara bakwai. Ranar jajibere a kawo yaro ya gwada, wando ya tsaya masa a ƙwauri, hannun riga bai rufe masa tsintsiyar hannu ba. Ka tambayi yaron, ya ce shekararsa tara har da watanni. Uban ba ƙarya ya yi mini ba. Lissafinsa ne ya tsaya a shekarar da ya daina ganin yaron kullum. Yanzu na daina yanka wa yaro kaya ta waya, ko da kuwa mai kayan zai yi fushi ya kai wa wani.

Ga yadda abin yake tafiya a unguwanninmu, kowa ya sani. An yi saki, an gama idda, idan da goyo a jira yaye. Ana cire yaro daga nono sai saƙo ya iso gidan su matar: a ba ni ɗana. Sau da yawa ba don uban ya tanadi inda zai ajiye shi ba ne. Ko dai yana so ta ji zafi, ko kuma ba ya so a ce ɗansa ya zama agola a gidan wani ƙato. To an ba shi. Ina zai kai shi? Wajen mahaifiyarsa, tsohuwar da ita kanta a riƙe take. Bayan shekara ya yi amarya, a ce yaro ya dawo gidan ubansa. Amarya ta haihu, zama ya ƙi daɗi, a tura shi ƙauye wajen gwaggo. Uwar ta ji labari ta yi ta kuka, manya su sa baki, a mayar mata. Ta samu miji, mijin ya ce shi mace ya aura ba da ɗa ba, sai yaro ya koma gidan kawu. Daga nan kuma sai ka ji an ce gara a kai shi gaban malam. Duk wannan kai-kawo, babu ranar da wani ya durƙusa ya gaya wa yaron dalili. Ana ɗaure masa kaya ne kawai a ce tashi mu tafi.

Akwai wani yaro da ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu ya zama saurayi, yana cin gashin kansa. Tun yana zanen goyo na san shi, ni na ɗinka wa ubansa rigar da ya sa ranar suna. Iyayensa sun rabu bai daɗe da fara tafiya ba. Idan ka buɗe littattafaina na waɗannan shekarun za ka ga awonsa, amma sunan wanda ya kawo ɗinkin kullum sai ya canja. Wannan Sallar kakarsa ta aiko, ta gaba matar uba, ta gaba babu shi sam don yana ƙauye, ta gaba kawunsa. Duk inda aka sauke shi sai a sake sa shi a makaranta, hedimasta ya gwada shi ya ce a mayar da shi baya. Aji uku kaɗai sai da ya zauna shi a makarantu uku. A makarantar allo ma haka, wannan malami ya kai shi Sabbi, wancan ya ce ai bai iya baƙi ba, a wanke allo a koma babbaƙu.

Yana wajen shekara goma sha biyu kawun nasa ya kawo mini shi koyon ɗinki. Yaro mai hankali, mai saurin ɗauka, ba ya ƙiwa. Amma na lura da wata baƙar leda da yake turawa ƙarƙashin teburin yanka kullum da safe, ya ɗauke ta da yamma. Na ɗauka abinci ne. Ashe kayan sawarsa ne gaba ɗaya, riga biyu da wando da soso. Na ce masa me ya sa ba za ka bar su a gida ba? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ban sani ba ko za a ce in koma can.” Kowace yamma idan zan rufe shago sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Gobe ma in zo?” Ya shekara a wurina bai daina wannan tambayar ba. Idan na ɗaga murya a kan wani yaron daban, shi ne zai fara lallaɓa ledarsa. Aikin da zai ɗauki mako, irin aikin wuyan babbar riga, ba ya son a ba shi. Ya fi son sa maɓalli da kalmasa da guga, abin da za a gama yau a ga ƙarshensa yau. Uban kuwa yana nan cikin gari da ransa da lafiyarsa. Wani lokaci zai biyo ta layinmu a kan babur, ya tsaya bai kashe inji ba, ya ce kana lafiya, ya miƙa masa 'yan canji ya wuce. Yaron zai bi shi da ido har ya sha kwana, kuma ranar duk abin da na ba shi sai ya ɓata.

Mu teloli mun san shadda ba ta son farka. Ka ɗinka ka farke, ka sake ɗinkawa ka farke, ko ka gyara ta zauna daidai a ƙarshe, sawun allura yana nan, duk wanda ya matso zai gani. Saurayin nan yau gwani ne, ya fi ni iya sabon yayi, amma bai taɓa cika shekara biyu a shago ɗaya ba, kuma ba ya zuwa gaida uban sai Salla. Kwanaki uban ya zauna a bencina yana ƙorafi wai yaron ba shi da zumunci. Na ce masa, Alhaji, a wane gida zai koya?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda muke faɗin “a ba ni ɗana” da ƙarfin gwiwa kamar shari'a ce ta ba mu, alhali littafin da muke buɗewa a zaure ba haka ya ce ba. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wadda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce kuma har yau ake karanta ta a kowace unguwa a birnin nan, ya wuce ta wurin da aka ce renon yaro bayan saki na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, reno ya koma wa kaka, bayanta kuma 'yar'uwar uwa. Mazhabar Malikiyya ke nan, wadda kotunanmu na shari'ar Musulunci suke hukunci da ita. Batun wai da an yaye yaro ya zama na uba, al'adarmu ce, ba fiƙihu ba. Abu Dawuda ya ruwaito matar da ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce cikinta ne ya ɗauki yaron nan, nononta ya shayar da shi, cinyarta ta raine shi, ga shi ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne labarin Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina bayan ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa kan abin hawa. Kakar yaron ta biyo shi ta riƙe, suka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar, wanda shi ne halifa a lokacin. Umar ya ce ɗana ne, tsohuwa ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce masa ya sakar mata yaron. Mai ruwaya ya ce Umar bai mayar masa da magana ba. Umar fa, wanda duk muka san zafinsa. Kuma barin yaron a hannun kaka bai raba shi da ubansa ba. Har yau Asim ɗan Umar ake ce masa, kuma ta tsatsonsa aka samu Umar ɗan Abdul'aziz, domin 'yar Asim ce ta haife shi. Wane ne a cikinmu ya fi Umar son ɗansa, ko ya fi shi kishi?

Kada wani ya ɗauka an sallami uba ke nan. Ci da sha da sutura da magani duk a wuyansa suke ko yaro yana ina. Shehu Halilu a Muhtasar ya ƙara da cewa uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta, alhali yaron yana hannun mai renonsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗansa. Ni dai abin da na fahimta a nan, da ɗan guntun karatuna, shi ne an tsara yaro ya zauna wuri guda, uba ya riƙa zirga-zirga. Mu sai muka juya abin, uba yana zaune, yaro ne ke zirga-zirga. Ban ce kowane gida ɗaya ba ne. Akwai uwar da ba ta cancanci riƙo ba, kuma malamai sun faɗi sharuɗɗa, irin su hankali da amana da wurin zama mai tsaro. Amma wannan alƙali ne zai duba ya yanke, ba miji mai fushi ba a daren da ya rubuta takarda.

Wani zai ce ai ɗa na kowa ne, tun kaka da kakanni ake riƙo a ƙasar Hausa kuma ba mu lalace ba. Haka ne. Sai dai riƙon da, idan an ba gwaggo yaro to an ba ta ke nan. Ita za ta yi masa kaciya, ta sa shi a allo, ta ga saukarsa, ta yi masa aure, kuma kunya ba za ta bar uban ya je ya ce a dawo masa da shi ba. Yaron ya san gidansu. Sannan a da gidan gandu ne, ko uwa ta fita, yaro ɗaki kawai ya canja. Zauren nan dai shi ne, rijiyar nan ita ce, abokan wasansa suna nan, baffanninsa suna nan, uban ma da yamma zai gan shi a kan tabarma. Yau kuwa gidan haya ne. Uba yana Ɗorayi, uwa ta koma gidansu a Kurna, kaka tana Sheka, gwaggo tana Wudil. Duk canjin hannu canjin unguwa ne, da makaranta, da malamin allo, da abokai, har da irin tuwon da zai ci. Sunan dai riƙo, amma ba abu ɗaya ba ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ma tela ne, kuma ni ne ɗansa na fari. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Kai” ne, ko “ina yaron nan?” Bai taɓa zaunar da ni ya tambaye ni abin da ke damuna ba, kuma in baƙi suna nan ko kallona ba ya yi. Amma na san ƙarar butarsa kafin assalatu, na san gyaran muryar da zai yi a ƙofar ɗakinmu, wadda ma'anarta tashi. Ina biye da shi da buzu har masallaci. Da hantsi ina gefen kekensa ina zura masa zare a allura, yana yanka ina kwashe ƙyalle. Ranar Salla daga yadi ɗaya zai fitar da tasa rigar da tawa, mu taka har filin Idi na Ƙofar Mata. Washegari ranar Hawan Daushe, mutumin nan da ba ya faɗin sunana shi zai ɗora ni a wuyansa a Ƙofar Kudu don in hango laimar Sarki Ado ta saman kawunan mutane, yana riƙe da ƙafafuna har a watse. Ban taɓa kwana ina tunanin ko gobe zan gan shi ba. Alkunyar mutanen da tana da abin da ya tallafe ta, wato suna nan, kullum, a lokacin da aka saba ganinsu. Mu mun gaji alkunyar mun yar da zaman. Uba ba ya sakewa da ɗansa wai kunya, kuma ba ya nan wai neman abinci, to me ya rage wa yaron?

Ita kanta alkunyar bai kamata ta kai ga ƙeƙashewar zuciya ba. Buhari da Muslim sun kawo cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Mu duba Suratu Yusuf ma, da yaro ya yi mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata, wa ya nufa da shi? Babansa. Yaro ba ya kai wa baƙo mafarkinsa. Sai wanda ya saba zama kusa da shi har ya san ba za a kore shi ba.

Na san masu cewa sana'a ce ta raba su da gida, kuma ban ƙaryata su ba. Garin nan cike yake da 'yan ci-rani da direbobi da masu kai gwari Kudu. Amma ina da wani abokin ciniki, direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas, wani lokaci har Fatakwal. Ya rabu da matarsa suna da ɗa namiji guda, ta yi wani aure, yaron yana hannun mahaifiyarta. 'Yan'uwansa sun yi ta zuga shi ya karɓo ɗansa, ya ce in karɓo shi in kai shi ina, cikin mota? Ya bar shi inda yake, makaranta ɗaya tun daga aji ɗaya. Abin da yake yi shi ne, duk Juma'ar da ta same shi a gari, da hantsi yana ƙofar gidan tsohuwar surukarsa da ɗan goro da sabulu. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar auren yana nan, ya ɗauki yaron su tafi Masallacin Waje, in an sauko su ci abinci tare, su biyo ta shagona su zauna. Ba wata hira mai tsawo suke yi ba. Uban yana ba ni labarin hanya, yaron yana jingine da shi yana wasa da makullin mota. Kafin magariba ya mayar da shi. In tafiya ta riƙe shi, zai bugo wa kakar waya tun ranar Alhamis a ba yaron, ya ce masa wannan makon ba ni nan, sai na gaba. Bai taɓa ce masa ga ni nan zuwa ba alhali ba zai zo ba. Ya san sunan malamin ajinsu, ya san inda allonsa ya tsaya. Yaron nan yana ganin ubansa ƙasa da yadda wasu 'ya'yan unguwarmu suke ganin nasu, amma in ka ji yadda yake cewa “Babana ya ce” ka san ƙafarsa a ƙasa take.

Akwai wani abu kuma da maza ba sa faɗa, sai in an zauna an yi shiru. Da yawa ba ƙiyayya ce ke hana su zuwa ba, kunyar zuwa hannu rabbana ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, mutum yana bin bashin kuɗin ciyarwa na wata da watanni, ya san in ya je tsohuwa za ta yi masa gori, sai ya ce bari in samu wani abu tukuna. Wata ya wuce, shekara ta wuce, kunyar ta ƙaru, hanyar ta toshe. Ɗan'uwa, bashin ciyarwa yana kanka, ba ni da ikon sauke maka shi, kuma ka nema ka biya. Amma kada ka haɗa wa yaro rashi biyu. Je ka a yi maka gorin, ka haɗiye, ka zauna da ɗanka a dakali ko rabin awa ne. Shi ba lissafin kuɗin yake yi ba tukuna. Ranar da zai fara lissafi, zuwan da rashin zuwan zai fara ƙirgawa.

Iyaye mata ma ba zan ƙyale su ba, ko da yake kaso mafi girma namu ne. Akwai wadda uba zai zo ƙofar gida ta aiko a ce yaro yana barci, alhali yana jin muryarsa a tsakar gida. Akwai wadda duk laifin da yaro ya yi sai ta ce halin ubanka ne, mugun iri. 'Yar'uwa, abin da ya yi miki Allah yana gani, amma yaron nan rabinsa uban ne, kuma in kika koya masa ƙin uban kin koya masa ƙin rabin kansa. Ayar da ta kare ki ita ta kare shi. Haka mazan da ke auren zawarawa su ce ba sa son agola: ka ga mace da ɗanta ka ce kana so, sannan ka sa ta zaɓa tsakaninka da shi? Matan uba kuwa, na san waɗanda suka riƙe 'ya'yan miji har ba ka iya bambancewa, Allah ya saka musu. Inda abin ke ɓaci galibi maigidan ne ya ajiye mata yaro kamar kaya ya fice, bai taɓa dawowa da rana ya ga ko ya ci abinci ba.

A 2020, lokacin korona, mun ga yadda gwamnonin Arewa suka riƙa zuba almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Ban shiga gardamar daidai ne ko kuskure ba, kuma ba na cikin masu zagin tsangaya, don na san mahaddatan da ta fitar. Abin da na tsaya ina tunani a kai shi ne, a cikin yaran nan nawa ne wannan ita ce ƙaura ta huɗu ko ta biyar da manya suka yanke musu? Uban da ya kai ɗansa gaban malamin da ya sani, yana leƙa shi, yana aika masa da sabulu da ɗan abin kashewa, daban yake da wanda ya kai shi don an rasa gidan da zai karɓe shi bayan an saki uwarsa.

Roƙona ga alƙalai da 'yan Hisba da masu unguwanni da limamai, duk wanda ake kai wa rabuwar aure ya sasanta: kada a tashi daga zaman sai an rubuta maganar yara a takarda. A ina yaro zai riƙa kwana, wace makaranta, nawa uba zai riƙa bayarwa duk wata, wace rana zai zo ya ɗauke shi kuma yaushe zai mayar. A sa shaidu daga dangi biyu, kowa ya riƙe kwafi. Idan dole ta sa a canja masa hannu, a bari zangon karatu ya ƙare, kuma a gaya wa yaron tun da wuri da bakin ubansa, ba ya dawo daga makaranta ya tarar an ɗaure masa kaya ba. Gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa tun 2012, a watan Oktoban 2023 ma an ɗaura aure 1,800 a lokaci guda, kuma ana yi wa ma'auratan gwajin lafiya kafin a ɗaura. Abu ne mai kyau. Ina ba da shawara a riƙa tsayawa a kan wata tambaya da muhimmancinta bai gaza na gwajin jini ba: wannan baiwar Allah tana da 'ya'ya? Ina za su zauna bayan ta tare, angon ya amince da su, uban nasu ya sani?

Daga ƙarshe, Edita, in da hali ka nemo mana wani tsohon alƙali ya yi bayani a jaridarka kafin azumi ya kama, a kan hukuncin reno, da abin da ya hau kan uba na ciyarwa, da inda zai kai kuka idan an hana shi ganin ɗansa, da hukuncin wanda zai ƙaura da yaro zuwa wani gari mai nisa. Maganar za ta fi shiga kunnen maza daga bakin alƙali fiye da bakin tela. Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani tela,
Fagge, Kano.